Minti Biyar da Tayarod Mai Tsatsa

Mijin yayata mutumin kirki ne, bari in fara da wannan kada a ce na ci zarafinsa. Ba ya zagi, ba ya rowa, in ya ga tsoho a tsaye yakan tashi ya ba shi kujera. Cutarsa ɗaya ce a duniya: bai taɓa ganin abu ya lalace ya yarda akwai wanda ya fi shi sanin kansa ba. Aikinsa a ofis jera fayiloli ne da buga hatimi, amma in kika ji shi yana bayanin inji sai ki rantse a gabansa aka ƙera shi. Famfo, rediyo, ƙofar firji, duk abin da aka nuna masa amsarsa ɗaya ce: "Wannan ai aikin minti biyar ne." Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma kiransa Minti Biyar a gabansa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, yana amsawa har da ɗaga hannu. Ni dai in ina son tsokanarsa Injiniya nake ce masa. Fankar falonsu da ya gyara, yau shekara uku ke nan ba ta juyawa sai an tura ta da sandar tsintsiya.

Yayata kuwa nas ce. Shekara goma sha tara tana tsaye a ɗakin haihuwa har ƙafafunta suka fara kumbura. Sai aka buɗe wani gurbi na masu bin masu jego gida-gida suna duba su, aikin rana kawai, ba tsayuwar kwana. Aka ce an ba ta, da sharaɗi ɗaya: ranar Litinin ta zo da lasin tuƙi a hannu, in ba haka ba a ba mai bi mata. Sau biyu tana faɗuwa gwajin tuƙin nan. Alhamis ɗin da nake ba ku labari, ƙarfe huɗu na yamma, ita ce damarta ta ƙarshe kafin Litinin. Shi ya sa na rufe shagona na zo tun da safe don in raka ta.

Motarsu tsohuwa ce, ta girmi aurensu nesa ba kusa ba. Mai koya wa Yaya tuƙi ya ce mata sitiyarin yana wasa, tayarod na gefen direba ya mutu. Tayarod ɗin nan wani ƙarfe ne a bayan taya, shi ke kai wa taya saƙon sitiyari. Ya ce mai gwaji yakan girgiza taya kafin ya shiga mota, in ya ji tana ƙwas-ƙwas ba zai hau ba. Yaya ta sayo sabo, ta yi magana da bakanikensu ya zo gida ya canza.

Ƙarfe takwas Bakanike ya iso a kan babur da jakar kayan aikinsa. Bai ko kashe babur ɗin ba Minti Biyar ya tare shi a bakin get, sanye da irin rigar bakanikai mai haɗe da wando, sabuwa fil, har da karin guga. Ashe hutun kwana ɗaya ya ɗauko daga ofis musamman.

"Malam, koma abinka," in ji shi. "An riga an shawo kan matsalar."

Bakanike ya leƙa ta saman kafaɗarsa, ya ga mota zaune a kan tayoyinta huɗu. "An canza?"

"An canza a ƙa'ida. Saura a aikace."

"Maigida, ƙasan motar nan duk tsatsa ce, ƙarfen ya kama. Ka bar ni in yi, awa ɗaya na gama."

"Awa ɗaya." Minti Biyar ya juyo ya kalle ni yana murmushi. "Auta, kin ji su ko? Jiya na kalli wani mutum a waya ya cire shi a minti huɗu. Ni na ƙara minti ɗaya ne saboda tsatsar."

Na ce, "Injiniya, shi mutumin cikin wayar, motar Yaya ya cire wa?"

"Ƙarfe ai ƙarfe ne."

Bakanike ya ce to madalla, shi dama akwai motar da ta mutu can nesa da gari ana jiransa, ya juya babur ya tafi. Yaya tana wanka lokacin. Da ta fito na faɗa mata, sai ta tsaya da tawul a hannu tana kallon mijinta. Na san yayata. Shekara ashirin da biyu tana rufa wa mutumin nan asiri, in ya ɓata abu sai ta jira ya tafi ofis ta kira mai gyara, ya dawo ta ce masa ai gyaransa ne ya kama daga baya. Ni wannan hali nata yana ƙona min rai, kuma na sha faɗa mata.

"Baban yara, ƙarfe huɗu ne fa," abin da ta ce ke nan.

"Nas, je ki yi bitar alamomin hanya. Kafin ki gama shafi ɗaya na wanke hannu."

Cire taya kawai ya ci masa minti arba'in, don sai da ya ɗaga motar da jak sannan ya tuna bai sassauta notuna ba. Yana murɗawa taya na bin sufana suna juyawa tare. Ya sauke, ya sassauta, ya sake ɗagawa, ya ce min wannan ba ya cikin lissafi, share fage ne. Da taya ta fita muka ga abin. Ja jawur yake da tsatsa, ba ka gane inda noti ya ƙare da inda ƙarfe ya fara. Kansa da ke manne da gindin taya ya fita da ƙyar, bayan guduma ta sauka sau biyu a kan babban yatsan Injiniya. Ya sa yatsan a baki, ya ce min ta hanci ai dama haka ake gwada nauyin guduma. Saura noti guda, wanda ya ɗaure tayarod ɗin da doguwar sandar da ta shiga ƙarƙashin mota.

Ya sa sufana ya ja. Ko gezau. Ya dafe ƙafa a jikin mota ya ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ko gezau.

Ƙarar gudumar ce ta fito da maƙwabta. Tela, mai shago daura da gidan, ya shigo da awo rataye a wuya. Mai Walda na kusurwar layi ya biyo shi yana goge hannu.

"Minti Biyar, an kai minti nawa?" in ji Tela.

"Ba a fara ƙirga ba. Ina nazarin abokin gaba ne."

"Ya kama ne. Bari in kawo maka man keke."

Aka zuba man keken ɗinki, noti ya sha ya yi shiru. Minti Biyar ya ce man ya yi laushi da yawa, ya aike ni kicin in kawo kananzir. Bayan kananzir aka zuba man birki. Bayan man birki aka zuba man girki, aka matse lemon tsami uku, aka juye lemon kwalba guda har kumfa tana tashi, saboda wai a wani bidiyon haka aka yi. Ƙudaje suka ji labari suka hallara. Ban ankara ba sai ganin man kitsona na yi a hannunsa, ya lakato da yatsa yana shafa wa noti a hankali.

Na ce, "Injiniya, in ya yi tsawo sai mu kitse shi."

"Ke dai ki zuba ido ki koyi aiki."

Mai Walda ya tsuguna ya leƙa. "Ni ban san mota ba, ƙofa da taga na sani. Amma ƙarfe in ya kama wuta yake ji. Bari in ɗauko tocina na walda in gasa maka shi, minti biyu."

Jin an ambaci minti biyu a gabansa ya sa Minti Biyar ya miƙe tsaye. "Malam, tsaya a kan ƙofofinka. Mutumin da akori-kurarsa sai an ɗaure mata ƙofa da waya, shi zai koya min gasa ƙarfe? Wutar ma ina da tawa."

Ya shiga kicin ya kinkimo ƙaramar tukunyar gas mai murhu a ka, ya kunna, ya karkata ta a ƙarƙashin mota. Tela ya fara cewa, "Ba ka goge kananzir ɗin…" Bai ƙarasa ba. Wuta ta ce bul, ta lashe robar da ke jikin sandar, ta lashe girar Injiniya ta hagu da rabin gashin bakinsa. Tela ya suri bokitin farko da ya gani ya sheƙa. Wuta ta mutu. Sai dai bokitin nan shi ne wanda Yaya ta jiƙa fararen kayan aikinta a ciki, ga su nan sun kwanta a kan ƙasa mai baƙin mai, hular tana rataye a jikin birki.

Yaya ta fito da littafin alamomin hanya a hannu. Ta kalli kayanta, ta kalli fuskar mijinta mai gira ɗaya, ta kalli agogo. Sha biyu saura.

"Baban yara, bari in kira Bakanike."

"Kira shi ki ce ya zo ya ga yadda ake yi."

Ta kira. Ya ce yana can ƙarƙashin wata motar, ko ya taso yanzu ba zai iso kafin magariba ba. Ni kuma na kira makarantar tuƙi a ɓoye, suka ce motarsu ɗaya ce kuma ta fita da wasu ɗalibai sai yamma. Na ce wa Yaya mu nemi aron mota a layi. Kunnen Injiniya ya tsinto maganar daga ƙarƙashin mota.

"Aro? Ina raye, motata na tsaye a gidana, matata ta je aro? Zafin nan da ya sha ai ya gama da shi. Tsawon hannu kawai ya rage."

Tsawon hannun shi ne bututun ƙarfen da ke riƙe da igiyar shanya. Ya girgiza shi ya tumɓuke, shanyar gida kaf ta bi fararen kayan Yaya ƙasa. Ya zura bututun a wutsiyar sufana ya rataya a jiki, ƙafafunsa na lilo. Noti ya yi wani ɗan ƙara, ƙiiit, ya matsa kamar faɗin farce.

"Kun ji? Ya fara kuka. Tela, zo ka kama."

Tela ya kama. Ƙiiit. Bayan azahar aka dawo da ƙarin hannu, har da mai kantin kayan masarufi da wani bawan Allah da ya zo karɓar ɗinkinsa ya tarar da Tela ba ya shago. Maza huɗu suka jeru a jikin bututu, Minti Biyar a can ƙarshe yana ba da umarni. Ɗaya, biyu, uku. Suka yi tsalle suka sauka tare. Noti bai motsa ba, motar ce ta motsa. Ta zame daga kan jak ta faɗi da hanci, jak ɗin ya yi fitar burgu ta gefe ya fasa gilashin tagar kicin, maza huɗu suka zube a kan juna. Allah ya kiyaye ba ƙafar kowa a ƙasa. Mai karɓar ɗinki ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya ce wa Tela zai dawo wani satin.

Daga ƙasan Tela muka ji muryar Injiniya: "Wannan girgizar za ta taimaka."

Mai Walda ya je ya ɗauko nasa jak ɗin da bulo huɗu aka sake ɗaga motar. Lokacin matan layi sun cika bakin get, wasu sun leƙo ta katanga. Na shiga ciki na tarar da Yaya zaune a bakin gado, ta gama shiri, takardunta a cinya, tana murza ƙafarta da ta kumbura. Ba kuka take ba, amma gara a ce kukan take. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata in ba za ta yi magana ba ni zan yi. Ta ce, "Auta, mutane sun taru. Kada ki kunyata shi."

Ƙarfe uku saura kwata sai ga wani maƙwabcinsu, Tsohon Direba, ya dawo daga asibitin ido, ya ga taro ya shigo yana dogara sanda. Shekara talatin ya yi yana jan manyan motoci kafin ido ya ajiye shi. Aka buɗa masa hanya. Bai tambayi kowa komai ba, ya sa aka kawo masa kujera 'yar tsuguno, ya zauna ya zura hannu. Ya kankare notin da makullin gidansa, ya shafa gefensa da yatsa.

"Wane gefe kuke juyawa?"

Minti Biyar ya nuna da hannu. "Gefen da duniya take kwance noti, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun tara," in ji Tela.

"To sannunku da aiki. Tun tara kuke ɗaure shi." Tsoho ya kamo yatsan Injiniya mai ciwon ya ɗora a kan notin. "Ka ji waɗannan 'yan tsage-tsagen? Alama ce. Irin tsofaffin motocin nan, sandar tana da baki biyu, ɗaya yana ɗauruwa yadda ka saba, ɗayan a juye. Wannan na juyen ne. Inda kake kwancewa nan ne ɗaurinsa."

Sai wata mata a kan katanga ta ƙyalƙyale da dariya ta kasa tsayawa.

Minti Biyar ya gyara tsayuwa. "Na sani. Dabara ce. Sai an matse shi sosai tukuna tsatsar ke fashewa."

"Awa shida kana dabara?" in ji Tela. "Da bayana?"

Tsoho ya sa aka juya sufana, ya ce Mai Walda ya danna bututun a hankali. Ƙas. Noti ya saki. Kafin kowa ya yi hamdala Injiniya ya ture su, ya kama tayarod ɗin da hannu biyu ya yi ta murzawa da sauri har ya fita, ya ɗaga shi sama yana juyawa don na kan katanga su gani.

"Ka ƙirga?" in ji Tsohon Direba.

"Me zan ƙirga?"

"Zagaye nawa ya yi kafin ya fita. Daidai haka za ka mayar da sabon. In ka ƙara ko ka rage, tayar nan ba za ta kalli inda 'yar'uwarta ke kallo ba."

"Baba, shekara nawa ina jera fayil a kanta ba tare da ma'auni ba. Idona ma'auni ne."

Ya murza sabon da ido, ya ɗaure, aka mayar da taya, aka sauke mota ƙarfe uku da kwata. Muka koma gabanta muka tsaya. Tayar dama tana kallon get. Ta hagu tana kallon ɗakin girki. Motar ta zama harara-garke.

Na ce, "Injiniya, da wa take magana a cikinmu?"

"Haka sabon ƙarfe yake, sai ya yi tafiya yake zama. Ku buɗe get in zagaya da ita sau ɗaya, Nas ta karɓa."

Tsoho ya ce kada ya hau. Mai Walda ya ce kada ya hau. Ya hau. Layin kaf an fito, har masu shagunan bakin titi. Ya tayar da mota, ya leƙo da kai ta taga da girarsa ɗaya yana ɗaga wa jama'a hannu. Tayoyin suka fara ihu a kan siminti tun kafin ya fita. Ya murɗa sitiyari dama, mota ta yi shawara da kanta ta nufi hagu. Ya ƙara murɗawa, ta ƙara nacewa. A hankali take tafiya, a karkace, ba gudu ba gaggawa, kowa yana ganin inda za ta, shi ma yana gani, amma maimakon ya taka birki sai ya tsaya yana yi mata bayani. Ta sauke ƙafarta ta hagu a cikin kwata, gindinta ya juyo ya tokare bakin layin daga bango zuwa bango. Ƙofarsa ta manne da katangar kanti. Ta tagar ɗaya gefen ya fito da rarrafe, sabuwar rigar ta kama a wani abu ta yage tun daga ƙugu har cinya.

Dariyar da aka yi ranar, Tela sai da ya zauna a ƙasa. Shi kuwa ya miƙe, hannu ɗaya riƙe da yagar wando, ya buɗe baki. "Ai yanzu na gano inda…"

"Baban yara."

Yaya ce. Tana tsaye a tsakiyar layi da farin mayafinta da takardunta a ƙirji. Ba ta ɗaga murya ba, amma dariyar ta ɗauke.

"Ba ka iya ba," ta ce. "Ba ka taɓa iyawa ba. Ni nake kiran masu gyara in ka fita. Ban taɓa jin nauyin hakan ba, don ina son ganinka cikin farin ciki. Amma yau ƙafafuna ne, kuma na gaji da tsayuwa."

Na daɗe ina jiran ranar da za ta faɗi wannan magana, amma da ta faɗa sai na ji tausayinsa ya kama ni. Ya kalle ta, ya kalli ƙafafunta a cikin takalmin da ya matse su, ya kalli motar a kwata.

"Ban iya ba," ya ce.

Ya juya, a gaban kowa, riƙe da wandonsa, ya taka har gaban Mai Walda. "Malam, na yi maka rashin kunya ɗazu. Don Allah ka ara wa Nas motarka."

"Ta mai ƙofar waya?"

"Ita."

"Tana nan. Sai dai motarka ta toshe hanya."

Maza takwas suka kama, aka ciccibi motar aka jingine ta gefe, Injiniya a cikin kwata har gwiwa yana turawa da kafaɗa, kuma wannan karon bai ba kowa umarni ba. Uku da rabi ta wuce. Yaya ba ta taɓa jan akori-kura ba. Tsohon Direba ya tsaya a tagar ya ce mata, "'Yata, kulocinta a sama yake kamawa, ki saki a hankali. Sitiyarinta da nauyi, ki fara juyawa da wuri. Hancinta gajere ne, kina ganin komai, ta fi taki sauƙi." Na zauna a tsakiya, Mai Walda a gefe riƙe da ƙofa, Minti Biyar a baya tsakanin rodi da wani get da ba a gama ba. Sau biyu motar ta mutu mata kafin bakin titi. Daga nan ba ta ƙara mutuwa ba.

Huɗu saura minti huɗu muka shiga filin gwaji. Yaya ta sauko, zufa ta jiƙe mata fuska sharkaf. Mijinta ya diro daga baya ya tsaya a gabanta, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Nas, ki yafe ni. Hannun da ya karɓi jariran da ba su ƙirguwa, sitiyari ba zai gagare shi ba."

Ya zaro hankicinsa daga aljihu ya goge mata goshi a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Hankicin da ya wuni yana goge noti da shi ne. Baƙin layi ya kwanta mata a goshi, faɗin yatsa biyu, daga kunne zuwa kunne. Na buɗe baki zan yi magana aka kira lambarta, ta juya da sauri ta tafi.

Mai gwaji ya girgiza tayar akori-kura ya ji ta garau. Ya kalli wayar ƙofa, ya kalli goshin Yaya, ya kalli agogonsa, ya shiga. Minti ashirin da biyar muna tsaye a rana. Injiniya bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Da suka dawo ta yi baya-baya ta shiga tsakanin sanduna ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai na ji ya saki numfashi. Mai gwaji ya sa hannu a takarda, ya ce ta yi maza ɗakin hoto kafin su rufe. Da gudu ta shiga, ina binta ina kira, aka rufe ƙofa a fuskata. Ta ce min daga baya mai hoton ya tambaye ta ko a haka za a ɗauka, ita kuma ta ce masa ya ɗauka kawai, a haka ta wuni.

Ta fito da katin a hannu tana murmushi, sannan ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ta shafa goshinta ta kalli yatsunta. Ta ɗago ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli hankicin da har yanzu ke hannunsa, ya mayar da shi aljihu a hankali. Yaya ta fara dariya, ta yi ta yi har sai da ta dafa motar Mai Walda, hawaye na bin baƙin man suna gangarowa. Ma'aikacin wurin ya ce in ta dawo mako mai zuwa za a iya sake mata hoton. Ta ce a'a, Litinin ake jiranta, kuma wannan ɗin ya yi mata.

Ranar Litinin ta kama sabon aikinta, a motarta, bayan Bakanike ya yi wuni biyu yana warware abin da aka yi a wuni ɗaya. Kumburin ƙafar ya sabe. Lasin kuwa na shekara biyar ne, kuma a jakarta yake kwana. Makon jiya ina gidan famfon banɗaki ya fara ɗiga. Injiniya ya saurara, ya yi gyaran murya, ya fara naɗe hannun riga. Yaya ta ajiye kofinta. Ta buɗe jaka, ta ɗauko katin ta ajiye a kan tebur, hoton yana kallon sama, ta ci gaba da shan shayinta.

Ya tsaya yana kallon goshin nan. Can ya warware hannun rigarsa, ya juyo wajena.

"Auta, kina da lambar mai gyaran famfo?"